Ɗan Gari Kuma Baƙo: Zancen Magani Da Takardun Zama Ga Mai Zuwa Ganin Gida

Akwai wata mas'ala da ko wane ɗalibi ya sani tun yana karatun Risala, watau hukuncin matafiyi da mazauni. Wanda ya yi nufin tafiyar mil 48 ya kan yi ƙasaru. In ya sauka wani gari ya yi niyyar zaman kwana huɗu, to, ya zama mazauni, sai ya cika sallarsa. In kuwa garinsu ya shiga, ko garin da matarsa ta ke, hukuncin tafiya ya yanke tun daga bakin gari, ko da ya ke malamai suna da tafsili a kan wanda ya riga ya bar zaman garin ɗungum. Wannan shi ne lissafin fiƙihu, kuma mai sauƙi ne. Amma gwamnatocin zamani suna da nasu lissafin na zama da tafiya, a rubuce cikin takardu da na'urori, kuma bai bi namu ba. Mutum ya kan shigo Ƙaura ya cika salla a masallacin unguwarsu, alhali a littafin asibiti shi baƙo ne, babu sunansa. Can kuma inda ya fito ana ƙidaya masa kwanaki, in sun cika bai koma ba a rufe masa ƙofa. A kan wannan na ke so in yi magana.

Mutanen wannan yanki ba yau suka fara zaman waje ba. Kakanninmu sun yi fataucin goro zuwa Gwanja, waɗansu suka zauna a zangunan Kumasi da Ankara har suka haifi jikoki. Waɗansu suka bi hanyar gabas da ƙafa don hajji, suka maƙale a Sudan ko a Makka. Da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, ya zama nan ne ƙarshen dogo, sai garin ya cika da masu awon gyaɗa da auduga da fatu, hanya kuwa ta ƙara buɗewa ga mai son fita. Yau muna da 'ya'ya a Maraɗi da Agadas, da Jidda da Madina, da Gana, har da 'yan kaɗan a Ingila da Amurka. Su kan zo gida da Salla, ko ɗaurin aure, ko ta'aziyya, su yi wata ɗaya ko biyu. A kan yi lissafin kuɗin jirgi da na tsaraba da na ragon layya. Abin da ban taɓa jin wani ya lissafa ba shi ne kwanciya.

Ga abin da na gani da idona. Wani tsohon almajirina, wanda ya yi sauka a hannuna, yana aikin ɗinki a wani kamfani a Jidda shekara goma sha wani abu. Ya zo ganin mahaifiyarsa da damina, da bizar fita da komowa ta wata biyu. Kwana goma da isowarsa zazzaɓi ya kama shi. Ya raina abin, ya aika aka sayo masa ƙwayoyi a kemis, domin a tunaninsa ai zazzaɓin da ya saba ne tun yana yaro. Kwana uku sai ga shi ba ya gane mutane. Da muka kai shi asibiti, ƙanensa ya zaro wani kati mai rubutun Larabci daga aljihun rigarsa ya miƙa wa akawu. Akawu ya juya shi gaba da baya, ya mayar da ladabi, ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan ba namu ba ne." Gaskiya ya faɗa. Daga nan komai sai da kuɗi a hannu: kati, da awon jini, da ruwan da a ke ƙarawa, da allura. Da jikin ya ƙi, likita ya rubuta a wuce da shi babban asibiti a birni, muka kwana muna jiran gari ya waye, don babu direban da zai hau wannan hanya da dare, kowa kuwa ya san dalili. Kuɗin da ya tara don yi wa uwar rufin ɗaki su suka tafi, ƙanen ya kai sa ɗaya kasuwar Shinkafi ya cika. Ranar da ya fara iya zama da kansa, abin da ya fara tambaya shi ne nawa ga wata. Aka faɗa masa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, saura kwana shida bizata ta mutu."

To, bari mu ɗauki abin daki-daki, mu fara da katin. Abin da a ke kira inshorar lafiya shi ne jama'a su riƙa zuba kuɗi kaɗan-kaɗan cikin asusu ɗaya tun suna lafiya, wanda ciwo ya kama a biya masa magani daga ciki. Amma ko wane asusu yana da asibitocin da ya ƙulla yarjejeniya da su, kuma galibi ba su ƙetare iyakar ƙasar ba. A Saudiyya doka ta wajabta wa kamfani ya yi wa ma'aikacinsa baƙo inshora, har ba a sabunta iƙama sai da ita; sai dai an shirya ta ne don asibitocin can. A Gana an kafa asusun lafiya na ƙasa da dokar 2003, mutanenmu na zango da yawa suna riƙe da katinsa, kuma yana yi musu amfani a Kumasi. A Zurmi kuwa takarda ce kawai. A Nijar tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da na fiɗar haihuwa, amma matar da ta taho daga Maraɗi da goyo ta bar wannan rangwame a bayanta. A Ingila magani kyauta ne ga wanda ya ke zaune a ƙasar, ba ya bin mutum Nijeriya. Asusun tsofaffi na Amurka, mai suna Medicare, shi ma ba ya biyan maganin da aka yi a wata ƙasa sai a 'yan wurare ƙalilan da ba su shafe mu ba.

Masu zuwa daga ƙasashen Turawa su kan ce sun yi dabara, sun sayi inshorar tafiya kafin su taso. Ina roƙonsu su karanta ƙananan rubutun da ke bayan takardar. Gwamnatin Ingila da ta Amurka duk sun sa Zamfara cikin jihohin da suka gargaɗi mutanensu kada su je, sabo da 'yan bindiga da satar mutane. Kamfanonin inshora da yawa kuwa sun gindaya sharaɗi cewa wanda ya tafi inda gwamnati ta hana, alkawari ya warware. Watau takardar tana iya yi wa mutum aiki a Ikko ko Abuja, ya doshi Gusau ta mutu a aljihunsa bai sani ba. Wanda zai saya ya ambaci sunan jihar da bakinsa, a ba shi amsa a rubuce.

Wani abu kuma da almajirin nan nawa bai sani ba, ni ma sai daga baya wani likita ya fahimtar da ni: jiki ma ya kan zama baƙo. Mu da ke zaune a nan sauro yana cizonmu ko wace damina, jikinmu ya sami wani ɗan sabo da zazzaɓin, ya kan kayar da mu kwana biyu mu tashi. Wanda ya yi shekaru a ƙasar da babu wannan ciwo, sabon nan ya kan gushe, ya dawo kamar jariri a gabansa. Don haka likitocin can su kan ba matafiyi ƙwayar rigakafi da zai fara sha kafin ya taso, ya ci gaba har bayan ya koma. Mutanenmu su kan ƙi karɓa, wai gida za su, kamar sauro ya san ɗan gida. Haka kuma sanƙarau da bazara. Annobar da ta tashi a ƙarshen 2016 daga ƙasar Zurmi aka fara ba da labarinta, kafin ta lafa a 2017 ta ci rayuka fiye da 1,000 a jihohin Arewa. Allurarsa ita ce wadda a ke yi wa alhazai. Katin shawara kuwa, mai ruwan ɗorawa, wanda a ke tambaya a filin jirgi, tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rai, kada wani ya karɓi kuɗinka da sunan sabuntawa.

To, mene ne a gida? Gwamnatin Nijeriya ta yi dokar inshorar lafiya tun 1999, aka fara aiki da ita a 2005, amma shekara da shekaru ma'aikatan gwamnatin tarayya kusan su kaɗai suka mora. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta kafa hukumar da a ke kira NHIA, ta kuma ce inshorar lafiya wajibi ce a kan ko wane mazaunin ƙasa. Doka ta faɗa, amma har yanzu fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da a ke kashewa wajen magani a ƙasar nan daga aljihun majinyaci da danginsa ya ke fita. Cikin shirye-shiryen hukumar akwai ɗaya da ya dace da ɗan kasuwa da malamin zaure da mazaunin waje, sunansa GIFSHIP, an buɗe shi a 2020. Ba sai kana aikin gwamnati ba: ka biya kuɗin shekara, don kanka, ko iyalinka, ko ƙungiyarku, har ma kana iya biya wa wani. Jihar Zamfara kuma tana da tata hukumar ta asusun taimakekeniyar lafiya, ZAMCHEMA, a Gusau. Akwai kuma wani kaso da dokar lafiya ta 2014 ta ware, aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, don ƙananan asibitoci da marasa galihu. Wannan ba na mai zuwa da jirgin sama ba ne, bai kamata ya sa masa rai ba.

Sai dai a lura da abu uku, ko in ce biyu da rabi. Na farko, ba a shiga yau a ci gobe. Bayan rajista akwai kwanakin jira kafin kati ya fara aiki, don kada mutum ya jira sai ya kwanta sa'an nan ya zo ya zuba. Wanda zai yi wata biyu a gida, in ya bari sai ya iso zai yi rajista, yana iya komawa katin bai farka ba. Sai a yi tun watanni kafin tafiya, ko a yi a wannan zuwa don na gaba, kuma za a nemi lambar ɗan ƙasa, wadda yanzu a ke iya yi a wuraren rajista na ƙasashen waje. Na biyu, za a ce ka zaɓi asibiti ɗaya wanda hukuma ta amince da shi, nan ne ƙofarka, daga nan a ke rubuta takardar wucewa gaba, ko Asibitin Tarayya na Gusau, ko na Yariman Bakura, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Kada mutumin Zurmi ya zaɓi asibitin Abuja don ya ji sunansa da daɗi. Ya tambaya a babban asibitin garinsu ko suna karɓa. Rabin kuwa shi ne, kati ba ya sa a sami maganin da babu a kanta, ba ya kuma gyara hanya. Ko da kati, a ajiye wani abu a hannun amintacce wanda ba za a taɓa don biki ba.

Na ji waɗansu suna cewa ai a Shinkafi da Zurmi akwai likitocin agaji na MSF masu magani kyauta. Akwai su, Allah ya saka musu, amma yawancin aikinsu a kan yara ne da mata masu ciki. A 2024 da suka auna yaran ƙananan hukumomin nan biyu, sun tarar ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara biyar yana fama da tamowa. Gadon da aka tanada don waɗannan, ban ga dacewar mai albashin riyal ya yi lissafi da shi ba.

Na san tambayar da ke bakin 'yan'uwana malamai, don ni ma na daɗe ina ƙyamar kalmar inshora. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci, wadda kamfani ke sayar da alkawari don riba, ba ta halatta ba sabo da gararin da ke ciki: ka biya, ba ka san ko za ka karɓa ba, ba ka san nawa ba. Amma a wannan zama ɗin ta halatta ta taimakekeniya, wadda abin da ka zuba kyauta ce ga 'yan'uwanka, ba sayen komai ka yi ba. Asalinta sananne ne a wurinmu: dangi su kan haɗu su biya diyyar kisan kuskure, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi Ash'arawa don in guzurinsu ya yi ƙaranci su kan tara abin da ya rage su raba daidai. A kan wannan aka kafa kamfanin takaful na farko a Sudan a 1979, Nijeriya kuma ta fitar da ƙa'idodinsa a 2013. Ba adashi ba ne, don a adashi kowa kwasarsa tana zuwa. A nan kuwa wanda ya shekara lafiya bai karɓi komai ba, kuma shi ne ya fi kowa riba. Abin da na fahimta, asusun gwamnati da na jiha sun fi kusa da wannan kashi na biyu, zuciyata kuma ta natsu da su. Wanda ya ga saɓanin haka cikin malamai, shafin nan a buɗe ya ke, ya rubuto da hujjarsa.

Saura zancen kwanaki, wanda shi ne ya fi tayar wa almajirina hankali fiye da ciwon. A Saudiyya mai iƙama ba ya fita sai da bizar fita da komowa, mai ranar ƙarewa. A da, wanda ya bari ta mutu yana waje a kan hana shi shiga shekara uku. An ɗage wannan hani a farkon 2024, amma kada a ruɗu, wanda bizarsa ta mutu ba zai shiga da ita ba, aikinsa kuwa ba lalle ya jira shi ba. Ana iya ƙara kwanakin mutum yana gida, ta na'ura, da biyan kuɗi, in dai iƙamar da ranta. Tun watan Maris na 2021 ma'aikacin kamfani yana iya neman bizar fita da kansa ta Absher, amma gyaran bai haɗa da direban gida da mai aikin gida da makiyayi ba, su kuwa su ne da yawa cikin mutanenmu; nasu yana hannun kafili. Saboda haka kada a rabu da kafili da fushi ranar tafiya, kuma kada a yanki biza daidai da kwanakin biki, a bar sarari.

Na Afirka ta Yamma ya fi sauƙi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ya yi kwana 90 ba biza, wanda zai zauna ya nemi takardar zama. Dattawanmu da suka ga 1969 ba su wasa da wannan takarda: a watan Nuwamba na shekarar gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda kwana 14 su bar Gana, mutane suka baro rumfuna da gidaje. Nijar kuwa ta fita daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025, ko da ya ke ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da zirga-zirga har sai an sake sanarwa. Mun ga yadda aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 2023, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024, mutane suka maƙale ko wane gefe. Mai katin asibitin Gana ya sabunta shi kafin ya taso, don in ya daɗe a mace sai an yi jira kafin ya koma aiki. A Ingila mai izinin zama na dindindin in ya yi shekara biyu a jere a waje izinin ya faɗi. A Amurka mai koren kati in zai wuce shekara ɗaya sai ya nemi takardar izinin komowa tun kafin ya fito, ko wata shida ma ya wuce zai sha tambaya a filin jirgi. Jinyar tsoho ko rabon gado su kan ci irin waɗannan watanni mutum bai ankara ba.

Ta gefen Nijeriya kuwa babu mai ƙidaya wa ɗan ƙasa kwana. Tsarin mulki na 1999 ya ce wanda aka haifa a waje, in ɗaya daga iyayensa ɗan Nijeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa, kuma ɗan ƙasa ta haihuwa ba ya rasa matsayinsa don ya karɓi na wata ƙasa. Amma haƙƙi daban, shaida daban. Yaron da aka haifa a Landan ya zo da fasfon Ingila kaɗai, a filin jirgi baƙo ne mai bukatar biza. A yi wa yara fasfon gida tun can.

Almajirina dai Allah ya taimake shi. Likita ya rubuta takardar shaidar kwanciya, muka ɗauki hotonta da waya aka aika Jidda, mai kamfanin ya ƙara masa wata ɗaya, ya ce zai cire kuɗin daga albashi. Ya koma a rame, rigarsa tana yi masa yawa, rufin ɗaki kuwa sai wata shekara. Kafin ya tafi ya je Gusau ya yi wa kansa rajista da mahaifiyarsa, ya bar wa ƙanensa kuɗin sabuntawa na baɗi. Katin tsohuwar yana nan cikin gafakata, ita ta kawo mini da kanta, ta ce in ta ajiye a ɗakinta ɓera zai ci.